Irin Tattasan Babanka

Leskovac, Nuwamba

Autana Vukashin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Novi Sad? Tarin nan ya sake ka kuwa? Ni lafiya lau, ban da gwiwa.

Na bi umarninka. Ka ce matsalar manhajarku mai buɗe tagogi ba a kawo ta ta waya, ko da uwa ce, sai a shafin koke. To na je. Ka tuna dai zancen: ranar Lahadin da aka mayar da agogon ƙasa baya da awa ɗaya don shigowar hunturu, tagogin rumfar ledar da nake shuka a ciki suka ƙi buɗewa da kansu, sai da na kashe na'urar na kunna. Allah ya sa ina gida, kuma latas ne kawai a ciki.

Na fara duba littafin bayaninku. Shafin "Idan taga ta ƙi buɗewa" fari fat, sai layi ɗaya a ƙasa: "Vukashin zai rubuta." Na yi murna da ganin sunanka, har na nuna wa maƙwabciyata Milunka. Ta ce, "Ke Dobrila, wannan ai kamar ki sa suna a kwalba ne ki manta zuba abin ciki."

Na rubuta kokena. Wani abokin aikinka mai hoton mage ya amsa, wai in turo rahoton na'ura. Na ce a ina ake samunsa? Ya ce in karanta littafi. Na ce littafin babu komai. Ya ce aikin sa kai suke yi, in na matsu in rubuta shafin da kaina. Na rubuta kuwa, da kyau. Ya ce ba haka ake turowa ba, akwai ƙa'ida. Ƙa'idar tana wani shafin, shi ma "za a rubuta". Na tsufa a kasuwa, ban taɓa ganin mai kaya ya aiki mai saye ya ɗauko sikeli daga gida ba.

Amma na yi shiru. Wanda ke maka aiki kyauta ba a tsaya masa a ka. Abu ɗaya nake roƙo: a gyara kafin bazara. Irin tattasan babanka saura cikin tafin hannu tun da ƙanƙara ta kashe na bara, kuma ya fara tsufa. Wannan karon zan shuka shi duka.

Ka riƙa sa hula.

Mahaifiyarka,
Dobrila

Leskovac, Afrilu

Vukashin,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kai da mai mage.

A watan Janairu saƙo ya zo daga shafinku cewa an rufe kokena. Na dafa kofi na kira Milunka, na ce, "Kin gani? Haƙuri ya yi rana." Na shuka irin. Ya fito kore shar, da jan karan nan da babanka ke gane nasa da shi ko a gonar wani.

Lahadin ƙarshen Maris aka matsar da agogo gaba. Ni kuma ina Nish wajen baftismar jikar ƙanwata. Rana ta fito da ƙarfi. Na dawo da la'asar na tarar da tagogi a rufe gam. Da na buɗe ƙofa, warin dafaffen ganye ne ya tare ni. Duk sun kwanta. Na bi layi-layi da yatsa ko zan sami ɗaya a tsaye. Babu.

Milunka ba ta yi tsiya ba ranar. Ta kira 'yarta malamar makaranta ta karanta mini saƙon har ƙasa, inda aka yi ƙananan rubutu da Turanci. Ashe ba mutum ne ya rufe ba. Na'ura kuka ajiye, duk koken da aka daɗe ba a yi magana a kansa ba sai ta share shi, wai mai shi ya daina damuwa. Wato a wurinku mai kunya shi ne wanda matsalarsa ta ƙare. Da an rubuta wannan a inda mutum zai gani, da kullum sai na leƙo na yi muku ihu kamar mai tallan kifi. Na iya, ka sani.

Ka ce a waya laifin ba na kowa ba ne. Na yarda. Na sake duba shafin nan, sunan mutum ɗaya ne dai a ƙasa.

Mahaifiyarka,
Dobrila

Leskovac, Satumba

Ɗana,

Gaisuwa. Ya jiki, ya mutanen ofis?

Saƙonka ya iso, na ga kana tambayar ajvar na bana, niƙaƙƙen gasasshen tattasan nan, har da kwalba ɗaya ta mai mage, wai yana son irin na gidanmu. Unguwa duk ƙamshin gashin tattasai, kowa na niƙa nasa. Ni na sayo na kasuwa, na gasa, na ɗanɗana, na ba Milunka. Ta ce, "Ba laifi." Ka san me hakan ke nufi a bakinta.

Kwalaben suna hanya da motar Juma'a. Na wanke su tas, na manna wa kowacce takarda da rubutu mai kyau: "Dobrila za ta zuba."

Idan akwai koke, kada ka kira waya.

Ka riƙa sa hula, sanyi ya kusa.

Mahaifiyarka,
Dobrila