Kiɗanmu a Ranar Jifan Alewa

Litinin, 6 ga Maris

Saura wata uku mu gama aji tara, kuma yau ma ni kaɗai na ci burodina a bencin bayan rumfar kekuna. Mille ta wuce da sababbin ƙawayenta, ta yi mini irin murmushin da ake yi wa direban bas. Yarinyar da muka shekara bakwai komai tare! Ba faɗa muka yi ba, daina ganina kawai ta yi, sauran ajin ma suka bi ta.

Abu ɗaya nake so, kuma zan rubuta shi tunda babu mai karantawa. Kafin in bar makarantar nan, ina so ajinmu kaf su juyo su kalle ni sau ɗaya, baki buɗe. Musamman ita.

Na ma san hanya. Finafinan nan na 'yan makarantar da ba a kula su, su haɗu su kafa ƙungiyar kiɗa, na kalli sun fi ashirin. Mama ta ce sun cinye mini ƙwaƙwalwa. Duk tafiyarsu ɗaya: a yi atisaye a ɓoye, ranar ƙarshe a faɗo dandamali ba zato, makaranta ta rikice da tafi. To mu ma ranarmu ta ƙarshe ta darasi kafin jarrabawa, ranar da 'yan aji tara ke jefa wa ƙananan yara alewa, akwai wasan dandamali. Jita ina da ita. Saura mutane.

Laraba, 8 ga Maris

Na samu biyu. Na farko Troels, ɗan masu shanu, wanda ake toshe hanci idan ya shigo bas. Yana da akodiyon ɗin kakansa, abin nan da ake ja ana matsewa. Da na tare shi sai ya ce, "Dicte, ke da ko sannu ba ki taɓa ce mini ba?" Na ce, "To, sannu. Za ka shiga?" Ya yi dariya har yana riƙe bango.

Ta biyu Vigga, wadda ba ta magana, sai dai ta yi ta kaɗa fensir a tebur har malamai su ƙwace. Na gama zuba mata surutu cewa ita za ta buga mana ganga, ta ɗaga kafaɗa. A wurin Vigga wannan doguwar hira ce.

Ba abokaina ba ne fa. Aiki ne ya haɗa mu.

Laraba, 15 ga Maris

Atisayen farko a rumbun taraktan baban Troels. Kilomita takwas a keke, iska tana ture ni baya duk hanyar. Tabɗi! Kiɗan ya yi muni, munin da ban san ana iya yi ba. Vigga tana gudu da kiɗan, Troels yana jan ƙafa, ni ina tsakiya ina ihu. Muna ɗagowa sai ga shanu tara sun jeru a bakin shinge suna kallonmu. Troels ya ce, "Kada ki ji daɗi, ko injin wanki aka kunna haka suke zuwa."

Mamarsa ta kawo mana burodi mai zafi da man shanu. Na ci huɗu, kunya ba ta hana ni ba.

Juma'a, 24 ga Maris

Awar aji, awar ƙarshe ta kowace Juma'a, mai kek ya kawo kek a zauna a tattauna. Malamarmu Bodil ta fara rubuta jerin wasannin ranar ƙarshe a allo, ta ce wa ke da abin da zai yi? Hannun Troels ya fara tashi, na take masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. A waje ya ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Na ce a wane fim ka taɓa ganin an sa suna a jeri? Ai daɗin abin a ba-zata yake.

Laraba, 12 ga Afrilu

Muna da waƙa! Tamu, ta kanmu, a kan iskar garin nan da kullum take gabanka, ko tafiya kake ko dawowa. Ni na yi baitocin, Troels ya ce na biyu bai da kai, na ce kansa ne bai da kai, daga baya na gyara a ɓoye. Mun buga ta sau uku ba tuntuɓe. A na ukun Vigga ta wurga sandar gangarta sama ta kasa cafewa, ta faɗa cikin bokitin madarar maruƙa. Yau na fara jin dariyarta. Ashe ƙatuwar dariya gare ta, irin ta tsofaffin masunta.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Bodil ta sake tambaya. Na sake taka Troels. Ya ce nan gaba da takalmin gona zai zo.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Wayyo ni. An rufe jerin. An ɗaga hannu, an ƙirga, an raba minti arba'in da biyar ɗin nan tas, har rawar Mille da ƙawayenta ta ci minti bakwai. Na bi Bodil har bakin kekenta, na raɗa mata sirrinmu, ina jiran ta ce kai, abin sha'awa. Sai ta ce, "Dicte, sau uku na tambaya. Aji ya yanke, ni ma hannu ɗaya gare ni kamar kowa." Na ce ai ke ce malama. Ta ce shi ya sa ma.

A finafinan nan ba a taɓa nuna wanda ya tsara jerin wasanni ba. Ban taɓa lura ba sai yau.

Laraba, 3 ga Mayu

Na faɗa musu. Troels ya ajiye akodiyon, fuskarsa ja wur. "Na ce miki! Ƙafata har yanzu ciwo take." Na fara kame-kame, sai Vigga ta yi magana, jimla guda cikakkiya: "Don Mille kike yi, ba don mu ba." Gaskiya ce kuwa. Na ji kunya. Na ce musu e, da farko don ita ne. Troels ya ce, "Yanzu fa?" Na ce ban sani ba.

Ba mu buga komai ba. Mun zauna kan tirelar ciyawa muna kaɗa ƙafa, can sai Troels ya bubbuga katakon da muke kai. Ya ce ai daga kan tirela ake jefa alewa a filin makaranta, kuma bana aji bai samu tirela ba tukuna. Ta babansa tana nan. Amma sharaɗi ɗaya, in ji shi: ni zan ɗaga hannu in roƙa da bakina, a gaban kowa. "Kuma in kika taka ni, na fasa."

Juma'a, 12 ga Mayu

Yau layin kek ya zo kaina. Na yi mai kwakwa a sama, gefe ɗaya ya ƙone, na juya shi wajen bango. Ana cikin ci na ɗaga hannu. Shekara biyu rabon hannun nan da tashi a awar aji, har Bodil ta cire tabarau. Na ce muna da ƙungiyar kiɗa, ni da Troels da Vigga, muna da tarakta da tirela, in aji ya yarda za mu yi kiɗa a kai lokacin jifan alewa. Wani daga baya ya ce, "Shanun ma za su zo?" Troels ya ce, "A'a, sun ce kana nan, ka wakilce su." Ajin ya fashe, kuma ba shi ake wa dariyar ba.

Hannu sha tara cikin ashirin da uku. Na san tirelar suka zaɓa, ba mu ba. Oho dai!

Laraba, 24 ga Mayu

Mun wanke tirela da mesa, mun jiƙa juna sharkaf. Saura kwana biyu.

Juma'a, 26 ga Mayu

An yi!

Kowa ya yi shigar ban dariya kamar yadda aka saba. Mu uku muka sa rigunan tatsar shanu da dogayen takalman roba. Baban Troels ya ja mu cikin fili da tarakta, ya ɗaura har da lakataye a wuya, wai ranar girma ce. 'Yan ajinmu suka hau gaban tirela da buhunan alewa, mu muna baya. Vigga ta haɗa sandunanta sau huɗu, na buɗe baki, daidai lokacin aka watsa alewar farko.

Kai! Yara ɗari huɗu suka saki ihu lokaci guda. Kowa kansa a ƙasa yana wawaso da leda a hannu, masu bindigar ruwa suna fesa wa malamai. 'Yan ajinmu duk sun ba mu baya suna jifa. Mille tana taku uku daga inda nake, ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Ni kaina da ƙyar nake jin muryata.

Na ɗauka zan yi kuka. Sai na juya na ga Troels yana jan akodiyon kamar zai raba shi biyu, alewa ta maƙale a gashinsa, Vigga kuwa bakinta har kunne tana rera amshin, Vigga fa! Sai na juya gaba ɗaya na fuskance su, muka buga wa junanmu. Baiti na biyu ya fito yadda bai taɓa fitowa ba. Muka gama muka sake, muka ƙara sakewa, har alewa ta ƙare. Tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Babu wanda ya tafa. Bodil ta zo jiƙe jagab ta ce, "Kun yi kiɗan kuwa? Na dai ga bakinki yana motsi." Dariya ta sa sai da na zauna a ƙasa.

Alhamis, 8 ga Yuni

Jarrabawa. Lissafi ya ci ni, ban ci shi ba.

Laraba, 28 ga Yuni

An rufe makaranta tun Juma'a. A watan Agusta Troels zai tafi makarantar noma, Vigga za ta koma garin Holstebro, ni ina nan. Aikin da ya haɗa mu ya ƙare, ba mu kuma yi da kowa za a sake haɗuwa ba. Ajin bai taɓa juyowa ya kalle ni ba, kuma sai yanzu da nake rubutawa na tuna ya kamata in ji haushi.

Da rana na ce wa Mama zan ɗan zaga da keke. Ta ce da jita a baya? Na ce nauyin yana taimakawa wajen iska. Ban yi niyyar zuwa ko'ina ba, hanyar ce kawai na saba da ita.

Na tarar da keken Vigga jingine a bangon rumbu. Ina turo ƙofa Troels ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kin makara da minti goma." Sun riga sun ajiye mini kujera, da burodi huɗu a faranti.