Kwana Nawa Ake Jiƙa Makuba, Yaya?

Wurno, ranar Asabar, ƙarshen bazara.

Zuwa ga yayana Mamman magini, Allah Ya kai haske kabarinka.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, lafiyata dai ga ta nan. Gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa, a zaune nake salla, tari kuma bai sake ni ba tun azumi. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Haushi ne, kuma kana da naka kason a ciki.

Soron da ka gina shekarar da aka haifi ɗana Aminu, shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan nan, kuma cikinsa nake kwana. Bara ruwa ya ci rufin ta wajen indararo, bangon gabas ya tsage har hannu na shiga. Aminu ya zo daga Sakkwato ya duba, ya yanke hukunci: in ba a gyara kafin ruwan farko ba, zai rushe shi ya maida ni ɗakin bulo mai rufin kwano. Na taɓa yini ɗaya cikin ɗakin nan. Ko gurasa in ta nuna ana fidda ta daga tanderu.

Sai ga ɗiyarsa Hadiza, wadda ba ka sani ba, tana karatun zanen gini a jami'a. An ba ta bincike kan abin da suke kira gini mai ɗorewa. Wai malamansu sun gano cewa ƙasa tana riƙe sanyi, ba a ƙona ta, in ta rushe kuma gona take komawa. Mi ne sabo a nan? Ta kira ni a waya tana karanto tambayoyi daga takarda: shin na yarda ƙwarai, ko na yarda kaɗan, ko ban yarda ba, cewa ɗakin ƙasa ya fi sanyi. Ni da nake kwance cikinsa ina amsa wayar. Na ce mata, amarya, ki zo ki kwana ɗaya ki cika takardarki da kanki.

Ita ce dai ta roƙi ubanta ya dakata. Ta ce za ta zo da abokan karatunta su yaɓe rufin da makuba yadda ake yi da, ni in nuna musu, su ɗauka a hoto. Ta tambaye ni ko na iya haɗa ta. Na ce na iya.

Yaya, ban iya ba.

Na san ɓawon ɗorawa ne, na san ana jiƙa shi a cuɗa da jar ƙasa. Amma kwana nawa? Ruwan kaɗai ake zubawa ko har da ɓawon? Sau biyu ina jiƙawa cikin tsohuwar randarka, sau biyu Hadiza tana ɗage zuwa, yau jarrabawa gobe malami ya yi tafiya, har ruwan ya yi wari in zubar. Ko warin nan shi ne alamar ta yi, ban sani ba. Na nemi magina daga nan har Rabah, duk 'yan bulo ne. Wani ɗan Goronyo dariya ya yi, ya ce Baba wane zamani muke.

Lokacin da kake haɗa makuba a tsakar gida ina nan, sai dai ina tsaye nesa da farar riga, sabon malamin firamare, ina toshe hanci. Ni ne na kawo buhun siminti na sa aka shafe bangon gabas don kada baƙi su ce gidan malami ginin ƙauye ne. Ka ce mini, "Ummaru, siminti da ƙasa ba su zaman aure, ruwa zai shiga tsakaninsu." Na ce maka ba ka yi boko ba. Yau bangon nan ne ya tsage, sauran ukun suna nan yadda ka bar su.

To amma kai ma, mi ya hana ka zaunar da ni ko sau ɗaya ka ce rubuta? Shekara arba'in alƙalami na aljihuna. Na rubuta sunayen kogunan ƙasashen da ban taɓa gani ba, ban rubuta abin da ke bisa kaina ba. Ka tafi da abinka, kamar yadda kake yi in na ɓata maka rai.

Sawun yatsunka na nan a yaɓen ciki, daidai inda nake jingina. Ba ni son mutuwa a wani ɗaki, Yaya. Iyakar maganar ke nan.

Yau Hadiza ta ce lalle suna tafe. Na jiƙa na uku tun ranar Talata. In sun iso zan faɗa mata gaskiya, mu gwada tare, ko Allah Ya sa a dace.

Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya nawa, Ya haɗa mu a gidan da ba ya tsagewa. Ka yafe mini maganar boko.

Ƙanenka,
Ummaru

An kira magariba. Motar ƙarshe ta biyo ta Achida ta sauke mutane, Hadiza ba ta ciki. Hadari ya haɗo gabas. Aminu ya kira sau biyu, na san maganar masu rushewa ce, ban ɗauka ba.