Layar da Ta Yi wa Wasiƙar Inna Nauyi

Titirou, Parakou

Kawu Malam Usuman,

Ka san nauyin laya guda a kan sikeli? Ni yanzu na sani. Amma bari in gaishe ka tukuna, kada a ce ɗan Iyatu ba shi da tarbiyya. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Yaya haƙurin rashin Inna? Allah ya ji ƙanta.

Kana zaune a ɗakin ranar da ta sa aka kira ni zuwa Partago, ƙauyenmu na kusa da Djougou, ta ce in rubuta wa Yaya Rilwanu. Ka san yana kurkuku a Italiya, ba waya, sai takarda. Ka san kuma yadda ya tafi: saniyarta ya sayar ya yi kuɗin hanya, ta rantse ba za ta ƙara kiran sunansa ba. To ranar ta kira. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Na rubuta da hannun nan da ya koyi boko a jikin buhun siminti da jaridun naɗe nama, ita kuma ta dangwala babban yatsanta da tawadarka.

Na kai gidan waya na Djougou. Matar da ke taga ta auna, ta ce bai kai giram ashirin ba, ga kuɗinsa. In kuwa ya wuce ko da kaɗan, kuɗin ya hau mataki na gaba. Na sayi tambur daidai, na manna. Sai ka ce in bar maka ambulan ɗin ka yi masa addu'a. Na bari, na dawo bakin aiki. Ashe laya ka cusa a ciki, ɗinke da fata, ka liƙe, ka ba ɗanka Badamasi ya aika daga Parakou.

Jiya wasiƙar ta dawo akwatin gidan waya na ƙungiyarmu ta mahauta, da jan hatimi a fuskarta: tambur bai isa ba. Ko Benin ba ta bari ba, Kawu. Inna ta cika tana zaton saƙonta ya isa.

Na kira Badamasi. Ya ce an gaya masa a taga ya ƙara kuɗi, shi kuwa ya jefa ta a akwatin waje, wai Turawa masu kuɗi ne, su cika. Yana faɗa yana dariya. Gobe zan same shi a kara, kasuwar shanu.

Ka gai da Baba Hafsatu.

Ɗan ƙanwarka,
Muntari


Kpébié, Parakou

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba ni da ita. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Na san labari ya riga ni zuwa Djougou, to ga nawa. Na tarar da Badamasi a kara yana ciniki da wani Bafillace. Na nuna masa ambulan, ya ture mini hannu ya ce in bari ya gama. Ni na fara duka, ba na musu. Na sa masa goshi a baki, haƙoransa biyu suka zube a ƙasa. Yaransa suka taso da sandunan kiwo, suka kwantar da ni a cikin kashin shanu, ɗaya ya taka mini wuya, Badamasi ya zaro wuƙa ya tsaga mini hannun dama daga gwiwa zuwa tafi. Na ga farin ƙashina da idona. Da wani mai zemijan, ɗan acaɓa, bai kutsa da babur cikinsu ba, da yanzu gawa biyu kuke wa addu'a, ni da Inna.

Hannu zai warke ko ya ƙi, ba shi ya dame ni ba. Wasiƙar tana hannun da aka sara. Ta yage, jini da taɓo sun jiƙe ta, yatsan Inna ya narke, ba abin da ya rage sai baƙin tabo. Layarka kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na sa an ɗora mini ita a sikelin kantin magani: ita kaɗai ta fi takardar da ambulan nauyi.

Kalmomin suna kaina, zan iya sake rubuta su. Amma Yaya ya san ni, zai ce na ƙirƙira ne don in sanyaya masa rai. Yatsan ne shaida, kuma mai yatsan tana ƙasa. Mu biyu muka ji ta, ni da kai.

An gaya mini a Partago ana cewa bakin uwa ne ya kai Rilwanu kurkuku, a gabanka ake faɗa, kai kuma kana jan carbi ka yi shiru. Kunyar layarka ce ta rufe maka baki? To Juma'a ce sadakar arba'in ɗin Inna, kuma ina tafe da hannuna a rataye. Na sayi sabon tambur, na sa an auna farar takarda guda da ambulan. Bayan an shafa fatiha, kafin a raba goro, ka miƙe a gaban liman da dattawa ka faɗi abin da ƙanwarka ta ce. Ni zan rubuta, kai ka dangwala naka yatsan, ni zan liƙe, ni zan kai.

In ka ƙi tashi, ni zan tashi da layar a hannu, in tambaye ka a gaban kowa: Iyatu ta yafe wa ɗanta, ko ba ta yafe ba?

Allah ya kai mu Juma'a.

Muntari ɗan Iyatu