Jan Tauraron Hular Baba

Daren Laraba, Inugu

Tun bayan isha'i na kasa zama wuri ɗaya, duk a kan hular kwanon da Baba ya dawo da ita daga karatu a Rasha. Har ya rasu yana cewa ta zamanin yaƙin basasarsu ce, wani tsohon soja ya ba shi.

Makon jiya ƙanwata Hadiza ta tura wa wani masanin kayan soja hotunanta. Yau ya amsa. Wai hular ta gaske ce, amma jan tauraron da ke goshinta gwangwani ne aka yanka aka shafa wa fenti. Yini guda a shago ina tunanin ko Baba ƙarya ya yi mana, har na auna wa wata mata wake maimakon shinkafa.

Da na dawo na faɗa wa Inna. Sai ta ce, "Kada ka zargi ubanka. Ni na ɓatar da tauraron na ainihi, ranar da muka taso daga unguwar Fegge. Tsoro ya sa na kai wa wani maƙeri a kasuwar Artisan ya yi mini wani."

Na ce, "Inna, Baba bai gane ba?"

"Ya daɗe yana kallonsa, sai ya ce sannu da gogewa. Bai ƙara tayar da maganar ba."

Ashe ya sani, rufa mata asiri ya yi? Hadiza na ta kira, tana son jin abin da Inna ta ce. Ban ɗauka ba, don ban san ko maganar tawa ce in faɗa ba.