Wayar makaranta ta san ciwon idona

Yaya mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina. Ni direban motar makaranta ne, na daɗe ina ɗaukar yara safe da yamma, ko kaza ban taɓa takewa ba. Kwanakin baya na fara ganin wani duhu-duhu a gefen idona na hagu, kamar an ja labule kaɗan. Ban faɗa wa kowa ba, har maman yara, don ita idan ta ji abu da safe, kafin rana ta faɗi yayyenta sun ji.

Makaranta ta ba ni waya, tana maƙale kusa da sitiyari, da ita iyaye ke ganin inda mota take. Wata rana ina jiran a tashi yara, sai na rubuta a cikinta: me ke sa gefen ido ya yi duhu? Na ɗauka tsakanina da ita ne. Ashe na kira wa kaina ruwa. Tun ranar, da na kunna ta sai tallan asibitin ido, tallan tabarau, har da hoton wani tsoho da sanda. Malamar da ke raka yara tana zaune a bayana, ni kuwa ina kare wayar da hula kamar ɓarawo.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne, na shiga ofis ajiye makulli, na ga irin tallan a kwamfutar sakatariya. Tana dariya tana tambayar wane ne yake shirin makancewa a makarantar nan. Na taya ta dariya. Ashe da asusu ɗaya aka buɗe wayar da kwamfutar.

Yaya, tsoro nake ji. Ko gaisuwa shugabar makaranta ta tsawaita, sai in ce yau za a karɓe makulli. Ba ni da wata sana'a sai tuƙi. Ga shi hankalina ya rabu, har rannan wata 'yar aji ɗaya ta sauka ta zagaya ta hagu, ban gan ta ba sai da malama ta ƙwalla ihu na taka birki. Yaya zan goge abin nan kafin su gano ni ne?

Direba Mai Fargaba

Ɗan'uwa,

Na tausaya maka, kuma tsoronka ba na banza ba ne. Wayar aiki ba ta riƙe sirri. Abin da ka nema da asusun da kuke tarayya a kai, duk mai buɗe shi zai iya gani, talla kuma na bin sawunsa. Za ka iya shiga tarihin bincike ka share, amma ba zan yi maka alkawarin babu wanda ya riga ya gani ba. Daga yau, duk abin da ya shafi lafiyarka ko iyalinka, ka neme shi a wayarka. Kana da haƙƙi kada a mai da ciwonka abin hira a ofis.

Sai dai makaranta ma tana da haƙƙin sanin ko mai ɗaukar mata yara yana gani sosai. Ka cika wasiƙarka da zancen waya, yarinyar nan kuwa layi biyu ka ba ta. Ni a nan hankalina ya tashi. Ka ce hankalinka ne ya rabu, amma ta hagu ta bi, gefen da labulen yake.

Kada ka sake tayar da motar nan sai likitan ido ya duba ka. Ka nemi hutu gobe, ka faɗa wa shugabar da bakinka, kai da ita kawai, ka roƙe ta ta riƙe maganar. Ciwon ido da yawa ana tare shi idan an zo da wuri, mai yiwuwa ka koma bakin aikinka. Idan kuma tuƙi ya ƙare, wanda ya kawo kansa ya fi samun a nema masa wani gurbi. Maman yara ma ka faɗa mata, ko da yayyenta za su ji.

Tarihin waya ana share shi da yatsa ɗaya. Da malama ba ta yi ihu ba rannan, da babu abin da zai share maka abin da zai biyo baya. Allah ya ba ka lafiya, ya mai da kowane yaro gida lafiya.