Rasuwar Dattijo Torvald Engblom, Mai Riƙon Ƙofar Ruwa ta Tafkin Alnetorp

Cikin alhini mai nauyi, tare da kunyar da ba mu da inda za mu kai ta, Kwamitin Gudanarwa na Ƙungiyar Masu Gidaje a Bakin Tafkin Alnetorp yana sanar da ɗaukacin mambobinsa, da maƙwabtanmu na ƙauyen da ke ƙasa da madatsar ruwa, da sauran jama'a, cewa ya samu labarin rasuwar ubanmu, Dattijo Torvald Engblom, wanda ya kafa wannan ƙungiya, Shugabanta na farko, kuma Mai Riƙon Ƙofar Ruwa na tsawon shekara hamsin da bakwai. Ya rasu da safiyar Talata, biyu ga Afrilu, yana da shekara tamanin da huɗu, a kan gadar katako ta ƙofar ruwa, inda Uwargida Birgitta Sundelin ta same shi sa'ad da ta fita zagayawa da karenta. Ya bar matarsa, Uwarmu Gunvor, da 'yarsa, Uwargida Majken Engblom, da jikoki biyu.

Tsofaffinmu sun sani, sababbin zuwa kuma ya kamata su sani, cewa wannan tafki a da rafi ne kawai, masana'antar yankan katako ce ta datse shi. Da masana'antar ta rufe a shekarar 1963, masu ita suka yi niyyar fasa madatsar su kama gabansu, sai Marigayi, wanda a lokacin matashin lebura ne, ya bi gida gida har ya haɗa kan iyalai goma sha huɗu suka sayi filin da madatsar baki ɗaya. Bayan shekara uku, da dusar ƙanƙara ta narke, ruwa ya shiga gidaje bakwai a gaɓar kudu. Shi ne ya kafa ƙusar tagulla a jikin dutsen da ke gefen ƙofar ruwa, kowa ya ɗaga hannu aka amince cewa ruwa ba zai sake wuce wannan ƙusa ba, aka kuma damƙa masa makullin ƙofar.

Katako shida ne ke tare ruwan, ɗaya bisa ɗaya. Duk ƙarshen Oktoba, kafin tafkin ya daskare, Marigayi kan zare uku daga ciki da ƙugiyarsa, ba a rana ɗaya ba, domin a bar wa ruwan narkewa wurin zama. Sai tafkin ya ja baya, taɓo ya bayyana, kwale-kwale su kwanta a kan laka, wari ya bi ko'ina. Mun daɗe muna tsokanarsa da Sarkin Taɓo, shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "Ku toshe hanci yanzu, ya fi muku kwasar ruwa da bokiti a Afrilu." Bai taɓa rubuta yadda yake aikin ba, da kunne yake sanin lokacin da za a zare katako na gaba, kuma 'yarsa kaɗai ya koya wa, wadda ta yi shekara talatin tana riƙe masa igiya.

Ba za mu ci amanar wannan bawan Allah karo na biyu ta hanyar ɓoye abin da ya biyo baya ba. Gidaje sun ƙaru zuwa sittin da uku, yawancinsu a kan tudun gaɓar arewa, na 'yan'uwanmu da ke zuwa hutu daga birni, waɗanda ke son kamun kifi har ƙarshen kaka. Aka fara tsegumi cewa tsohon yana rage ruwan ne don kare gidansa, tun da gidan nasa ne mafi kwari a gaɓar kudu. Tsegumi ya zama takarda, takarda ta zama ƙuri'a, kuma a taron watan Satumba, da ƙuri'a talatin da takwas a kan ashirin da ɗaya, wannan ƙungiya ta karɓe makullin daga hannunsa, ta yanke cewa a bar ruwan daidai ƙusa har tafkin ya daskare. Bai yi gardama ba. Abin da kawai ya ce yana gyara hularsa shi ne, "To, yarana, ga shi nan. Amma tafkin bai zo taron nan ba, bai san kun kaɗa ƙuri'a ba." Wasu suka yi dariya.

Kowa ya ga irin dusar da ta zuba bana. A cikin watan Maris, sau uku Marigayi yana takowa da sandarsa zuwa ƙofar Sakataren ƙungiya, yana cewa ruwa ya fara haura ƙusa a ƙarƙashin ƙanƙara, a ba shi aron makullin ko da na yini biyu ne. Sau uku ana gaya masa cewa abin da babban taro ya yanke, babban taro ne kaɗai zai warware, ya rubuto a takarda a sa cikin jerin batutuwan taron watan Mayu. Ranar Talata ya ɗauki zarto ya tafi shi kaɗai, ya yanke kwaɗon da aka kulle ƙofar ruwan da shi, ya zare katako na farko, zuciyarsa ta tsaya kafin ya kai ga na biyu.

A madadin dukan mambobi, Kwamitin yana miƙa ta'aziyyarsa ga Uwarmu Gunvor, da Uwargida Majken, da jikoki, da ɗaukacin dangin Engblom, yana roƙon Allah Ya karɓi bawansa cikin salama, Ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan rashi, Ya kuma ba su ikon kallon fuskokinmu wata rana. Mun aika da furanni, an mayar mana da su tare da saƙon Uwargida Majken cewa, "Ku riƙe furenku, ba a taron Mayu ya mutu ba." Iyalin sun kuma nemi kada wani ɗan Kwamiti ya halarci jana'izar da za a yi a coci ranar Laraba mai zuwa. Mun ji, mun karɓa, kuma muna gargaɗin kowane mamba kada ya dame su a kan wannan.

Sai dai lamarin da ya fitar da Marigayi daga gida yana nan bai gushe ba. Yau Alhamis ruwa ya haura ƙusa da yatsa huɗu, masu hasashen yanayi kuma sun ce ruwan sama mai ɗumi zai sauko ranar Asabar a kan dusar da ke kan tsaunuka. Idan aka bar katakan nan, ruwa zai shiga gidaje goma sha ɗaya na gaɓar kudu. Idan aka zare su da gaggawa, zai tafi da gadar ƙauyen da ke ƙasa. Injiniyan gunduma ba zai iso ba sai Litinin. Don haka Kwamitin ya hana kowa, komai kyan niyyarsa, taɓa ƙofar ruwan, yana kuma roƙon mazauna gaɓar kudu su kwashe kayansu daga ɗakunan ƙasa, mutanen gaɓar arewa kuma su buɗe musu gidajensu.

Ya ke 'yar'uwarmu Majken, ba mu da bakin roƙonki, amma ba mu da kowa sai ke. A nan zan ajiye sunan Kwamiti in yi magana da bakina: ni ne Sakataren da mahaifinki ya zo ƙofarsa sau uku, ni ne na miƙa hannu na karɓi makullin a Satumba, ina kuma cikin waɗanda suka yi dariya. Makullin yana aljihuna, ba ya buɗe komai yanzu, tun da Baba ya riga ya yanke kwaɗon. Gobe Juma'a da ƙarfe bakwai na safe, mu bakwai na Kwamiti za mu tsaya a kan gadar da igiya da ƙugiyarsa, ba za mu taɓa katako ko ɗaya ba sai da umarninki. In kin zo, ba sai kin gaishe mu ba, ki nuna da hannu kawai mu ja. In ba ki zo ba, babu mai ganin laifinki, za mu wuce kai tsaye gidan Mama Gunvor mu fara fitar da kayanta, domin gidan da muka ce yana karewa shi ne ruwan zai fara shiga.

Sa hannu:
Ingemar Rydell
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Masu Gidaje a Bakin Tafkin Alnetorp