Na Fara Yi wa Injin Ofis Sannu da Aiki

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi min dariya ba.

Ni ke kula da sabar kamfaninmu, wato babbar kwamfutar da aikin kowa ke bi ta cikinta. Tana wani ɗaki a ƙasan bene, ba taga, ga sanyi kamar cikin firji, har rigar sanyi na rataye a bayan ƙofa. Da safe in na shigo, sai in buga umarni in ga nawa ta cinye na memori, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, in ga ko furosesa, ƙwaƙwalwarta ke nan, na aiki a natse ko yana haki. In lambobin sun haura, in nemo manhajar da ta zaƙe in kashe ta. In komai lafiya, babu mai tunawa da ni a sama. Sai allonsu ya tsaya cak ake kirana, wani ko sallama ba ya yi.

Da mu biyu ne, sai aka mai da abokin aikina wani reshe. A gida kuma Mama ta koma wajen yayana tun da ciwon ƙafa ya matsa mata, don shi ke kusa da asibiti. Rannan na kama kaina ina yi wa saba sannu da aiki, da bakina fa, Anti. Na yi dariya, sai kuma ga hawaye.

Yanzu oga ya ce za a sa manhajar da za ta riƙa duba lambobin da kanta, ta turo min saƙo a waya in an samu matsala, ni kuma in yi aiki daga gida. Shi a ganinsa gata ya yi min. Ni kuwa tsoron abin nake, don wannan dubawar ce kaɗai ke fitar da ni. Har na fara tunanin ce masa manhajar ba abin dogaro ba ce, alhali na san ta fi ni ido. Jibi yake jiran amsa. Yaya zan yi?

Mai Rigar Sanyi

Ƙanwata,

Ban yi dariya ba, kuma ba ke kaɗai ce aiki ya killace haka ba.

Kada ki yi wa oga ƙarya. Da bakinki kika ce manhajar ta fi ki ido. In kika hana a sa ta, ranar da memori ya cika ba kya kusa, ke za a tuhuma, aikin da kike son riƙewa ya suɓuce. Amma ke ma kina da gaskiya: zama ke kaɗai a gida ba hutu ba ne a halin da kike ciki. Oga bai sani ba ne, don ba ki gaya masa ba.

Ki karɓi manhajar, sannan ki roƙi teburi a sama cikin mutane. Tunda saƙo zai same ki ko'ina, zaman ƙasan bene ya ƙare. Da farko za ki ji kamar baƙuwa. Ki daure, ki ci abincin rana tare da su. In kuma ya dage sai kin yi wasu kwanaki a gida, ɗauki kwamfutarki ki tafi gidan yayanki. Ina zargin Mama ma kewarki take yi, gudun ɗaga miki hankali ne ya hana ta faɗa. Idan hawayen nan ya ƙi tsayawa, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya haɗa ki da abokan zama nagari.